Mahaifinmu Ya Shiga Gigin Tsufa, Yayanmu Na Son Ya Dangwala Yatsa Kan Takardar Gida

Tambaya: Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Babanmu ya tsufa, yau shekara biyu ke nan yana mantuwa, wani lokaci sai ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Yayanmu da muke 'yan uba ya kawo takarda wai Baba ya ba shi sashen gidan da ke bakin hanya, saura dangwala yatsa. Yaya za mu kare gadonmu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Sai dai bari in fara da gyara kalma ɗaya: gidan nan bai zama gado ba tukuna. Muddin Baba na numfashi, dukiyarsa ce, ba ta yayanku ba, ba taku ba. Abin da za ku kare shi ne haƙƙin tsohon. In wannan ya tsira, rabon kowa ya tsira.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Jigawa da Kano ke hukunci da ita, kyauta ko ciniki ba su inganta sai daga mai hankali da ya san abin da yake yi. Wanda bai bambance 'yarsa da ƙanwarsa ba, yatsansa a takarda tawada ce kawai. Ko da lafiyarsa ƙalau, kyauta ba ta cika sai an karɓi abin a hannu, abin da malamai ke kira hauzi. In kuma aka ce wasiyya ce, babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada.

Inda gizo ke saƙa shi ne gigin tsufa ba kullum yake rufe mutum ba. Da safe tsoho zai gaisa da kowa, ya tambayi kuɗin buhun gero, da la'asar kuma ya nemi hanyar ɗakinsa ya rasa. Sai bayan rasuwa wani ya kawo shaidu biyu su ce ranar garau yake. Na ga shari'ar da 'yan uwa suka shekara uku suna jeka-ka-dawo kan wannan magana, damina ta rushe katangar gidan ba mai gyarawa.

Don haka kada ku jira. Ku kai Baba wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko asibitin Kazaure, ko Dawanau, ko na Malam Aminu Kano, a duba shi a ba ku rahoto mai kwanan wata. Wani ruɗewar ma yana da magani, to kun ga riba biyu. Da rahoton sai ku je kotun Shari'a ku roƙi alƙali ya yi masa hajru, wato a dakatar da hannunsa daga sayarwa da kyauta, a naɗa amintacce ya kula da dukiyar. Zama babban ɗa ba ya ba mutum wannan matsayi kai tsaye, alƙali ne ke naɗawa. Wanda aka naɗa kuwa ba shi da ikon yin kyauta da ko taku ɗaya, sayarwa ma sai don buƙatar Baba, kamar magani ko abinci, da sanin kotu.

Kafin nan, ku sanar da mai unguwa da dagaci, domin da wuya cinikin gida ko gona ya wuce a ƙauye ba da saninsu ba. A zagaya iyakoki da maƙwabta, a rubuta. In akwai takardar mallaka ta ƙaramar hukuma, wadda dokar filaye ta 1978 ta ba ikon bayarwa a karkara, a yi mata hoto kowane ɗaki ya riƙe.

Yayan naku kuma kada a fara da kai shi ƙara. A sa baffanku ko liman ya zaunar da shi. In shi ya gina sashen da kuɗinsa, a rubuta abin da ya kashe gaban shaidu tun yanzu, don a duba masa ranar rabo.