Kwanika da hawan jini: ko ya halatta in cire cikin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da tambaya daga Garwa ta kasar Kamaru. Ina goyon yaro dan wata 7 sai ga ciki na wata 2, kuma haihuwar baya da kyar na sha, jijjiga nayi akayi min tiyata. Maigida yace gara a cire, wata kawata dake Faransa tace ai can ba komai bane, har ta fada min sunan kwayar da zan siya a farmasi. Meye hukunci malam?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kara miki lafiya baiwar Allah.

Maganar Faransa mu ajiyeta tukun. Gaskiya ne sun halatta zubar da ciki tun 1975, a 2024 ma suka saka abin cikin tsarin mulkinsu, Tunisiya kasar musulmi ta bada dama a wata 3 na farko tun 1973, Amurka kuwa a 2022 kotun kolinsu ta rushe hukuncin 1973 da ya bada damar zubar da ciki, yanzu kowace jiha da nata. Kinga abin da ke canzawa da canjin alkalai da 'yan majalisa ba shi zamu auna halal da haram dashi ba.

Hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna halittar dan tayi kwana 40 sau uku ce sannan a busa masa rai, kwana 120 kenan. Bayan nan malamai basu yi sabani ba, haramun ne sai in rayuwar uwa ce a cikin hadari na tabbas. Kafin nan ne akayi sabani, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ita tafi tsanani, Shehu Dardir yace ba'a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da kafin kwana 40 ne, Lakhmi ne daga malaman Malikiyya ya sassauta kafin 40 din, Hanafiyya kuma suka bada dama kafin 120 in akwai uzuri. Majalisar fikihu ta Makka a 1990 ta yarda a cire kafin kwana 120 in kwamitin amintattun likitoci suka tabbatar da mummunar nakasa wadda bata da magani. Ki lura da wani abu, likita daga ranar al'adar karshe yake kirge, malamai kuma daga shigar ciki, to kwana 120 namu kusan sati 19 ne a takardar ekografi, wato hoton ciki.

To ke a ina kika fado? Kwanika kawai ba uzuri bace a wurina, mata nawa sukayi suka yaye lafiya, haka tsoron dawainiya, Allah ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci a suratul Isra'i. Amma jijjiga da tiyatar da bata dade ba, wannan ba wasa bane, hawan jinin ciki yana iya dawowa kuma dinkin mahaifa yana son hutu. Sai dai ni ba likita bane, maigidanki ma ba likita bane balle kawarki dake waya. Kije babban asibiti gobe, kar ki bari sai jibi, ki ga likitan mata da katin haihuwarki ta baya, in da hali a ji bakin likita na biyu. In sukace za'a iya rainon cikin da awo da magani, to cirewa haramun ne a gareki ko da maigida ya matsa, babu biyayya a sabon Allah. In sukace rayuwarki na cikin hadari sosai, ya halatta a cire kuma ba ki da zunubi, uwa ce tushe, kuma yinsa da wuri yafi jinkiri a shari'a da likitance duka.

Dokar Kamaru ma kusan nan ta tsaya. Sashe na 337 na dokar laifuka ya yankewa macen da ta zubar da ciki daurin kwana 15 zuwa shekara 1, wanda yayi mata kuma shekara 1 zuwa 5, sashe na 339 ya kebe in kwararre ne yayi don ceton lafiyar uwa daga babban hadari, ko cikin fyade bayan mai gabatar da kara ya tabbatar.

Kwayar nan kuwa, Cytotec ne na sani, wallahi kar ki taba. Mai dinki a mahaifa ta sha ita kadai a daki, jini ya balle ba kowa kusa, mun sallaci irin wadannan gawarwaki ana cewa zazzabi ne. Hukumar lafiya ta duniya tace kusan kashi 45 cikin dari na zubar da cikin da akeyi a duniya ba ta hanya mai aminci akeyinsa ba. Wadda ta riga ta sha kuma take karanta wannan, in kina zubar jini ko zazzabi ko ciwon mara ki tafi asibiti yanzu ki fada musu abin da kika sha, tuba da hukuncin gurra, wato diyyar dan tayi, mayi maganarsu in kin warke.

Shi kuma maigida, bayan wannan ku nemi shawarar likita akan tazarar haihuwa, sahabbai sunyi azlu, wato zubar da maniyyi a waje, Alkur'ani na sauka.

Wallahu a'alam.