Wa ya koya wa ɗan agwagwa iyo?

Tambaya: Malam, na sa wa kazata ƙwan agwagwa ta kwanta a kai har ta ƙyanƙyashe. Da aka yi ruwan sama, sai 'ya'yan suka auka cikin kududdufin bayan gidanmu suna iyo, ita kuwa tana bakin ruwan tana kai-komo tana ƙyarƙyara. Ba su taɓa ganin agwagwa ba. Wa ya koya musu? Kuma mu mutane muna da irin wannan? Daga wani mai kiwo a Azare.

Amsa: Malam, babu wanda ya koya musu, da abinsu suka fito daga ƙwai. Shi ake kira ilhami: aikin da dabba ke yi daidai tun karon farko, ba tare da an nuna mata ba, kuma duk 'yan jinsinta haka suke yi. Masu sa wa kaza ƙwan zabi sun san wannan, don ɗan zabo ko a ƙarƙashin kaza ya tashi, firgicinsa da son dajinsa na nan.

Masana biyu da suka yi fice a wannan fanni su ne Konrad Lorenz ɗan Ostiriya da Niko Tinbergen ɗan Holan, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1973 tare da Karl von Frisch mai binciken ƙudan zuma. Sun lura da dinya mai kwanci: idan ƙwai ya gangara daga sheƙa, sai ta miƙa wuya ta jawo shi da ƙasan bakinta. Idan aka ɗauke ƙwan tana tsakar jawowa, ba ta fasawa, sai ta ci gaba da jan iska har ta kai sheƙa. Aikin ya riga ya kunnu, sai ya ƙare.

Amma a tsakar gidanka akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi iyon ban sha'awa a wurina. Me ya sa suke bin kaza? An haife su da bin abin da ke motsi kusa da su a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sai dai ba a haife su da sanin kamannin uwa ba. Wanda suka fara gani shi ne uwa. Lorenz kansa 'ya'yan dinya sun riƙa bin sa har cikin ruwa. Ka ga ke nan bin da suke yi gado ne, wanda za a bi kuma koyo ne.

Yawancin ilhamin ɗan Adam irin wannan na biyun ne. Na farkon ma muna da shi, amma kaɗan, kuma a jarirai ya fi fitowa. Shafa kumatun jariri, zai juyo da baki yana neman nono. Sa yatsa a tafinsa, zai damƙe gam. Idan ya ji kamar zai faɗi, sai ya ware hannuwa ya sake dunƙule su, abin da likitan yara Ernst Moro ya bayyana a 1918. Waɗannan suna ɓacewa kafin wata shida ko kusa da haka, kuma likitoci na duba su don gane lafiyar ƙwaƙwalwa. Wasu masana na cewa waɗannan zabura ce kawai, ba su kai a ce musu ilhami ba. Ni ban cika damuwa da wannan gardamar suna ba. Yaron da aka haifa makaho yana murmushi idan ya ji daɗi, yana ɓata fuska idan ya ji haushi, alhali bai taɓa ganin fuskar kowa ba.

Tsoron maciji fa? Mutane na ɗauka da shi ake haihuwarmu, amma abin ya ɗan bambanta. A shekarun 1980 Susan Mineka ta yi gwaji a Amurka da birai waɗanda aka haifa a keji. Ba sa tsoron maciji. Da suka ga wani biri ya firgita da shi, nan da nan suka ɗauka, tsoron kuma ya zauna. Da aka gyara hoton bidiyo ya zama kamar fure birin ke tsoro, ko a jikinsu. Wato ƙwaƙwalwar a shirye take ta koyi wani tsoron fiye da wani. Shi ya sa za ka ga ƙato ya yi tsalle don ya taka igiya da dare, ga shi kullum yana kan babur ba hular kwano, alhali hatsarin hanya ya fi maciji kashe mutane nesa ba kusa ba.

Harshe ma haka yake. Jaririn Bahaushe da aka rena a Ikko da Yarbanci zai tashi, amma ba wanda ya ce masa ya fara gwalan-gwalan.

Game da agwaginka kuwa, kada ka bar su su daɗe a ruwa a makonnin farko. Suna iya jiƙewa sanyi ya kama su. Ka fito da su, ka ajiye su inda rana ke bugawa su bushe.