Tambaya da Amsa: Wane ne Wahidul Hak na Bangaladash?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Shari'a Mansur, wato titin Mansur, da ke Makka, kuma abokin aikina mutumin Bangaladash ne. Duk ranar 14 ga Afrilu sai in ga ya duƙufa a kan waya yana kallon taron mawaƙa a gindin wata bishiya, ya ce sabuwar shekararsu ce, yana ta ambaton wani Wahidul Hak. Shin mawaƙi ne ko malami?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wahidul Hak ɗan jarida ne, da alƙalami ya ci abinci. An haife shi a 1933 a yankin Keraniganj da ke daf da Dhaka, babban birnin Bangaladash, ya yi shekaru da dama yana aiki a jaridun Turanci na ƙasarsu, ciki har da The Daily Star, kuma ya rasu ranar 27 ga Janairu 2007. Sai dai ba aikin jarida ne ya sa abokinka yake kiran sunansa ba.

Lokacin da aka raba Indiya a 1947, ƙasar Bangaladash ta yau ita ce Fakistan ta Gabas, masu mulki kuwa suna can yamma suna son Urdu kaɗai ya zama harshen gwamnati, har aka harbe ɗalibai a Dhaka ranar 21 ga Fabrairu 1952 saboda sun nemi haƙƙin harshensu na Bengali. Da 1961 ta zo, shekara ɗari da haihuwar Rabindranath Tagore, marubucin waƙoƙin Bengali da ya ci kyautar Nobel a 1913, sai hukuma ta ƙi ba bikin fuska, tana ganin mutumin ba Musulmi ba ne, don haka waƙoƙinsa na Indiya ne. Wahidul Hak, wanda Musulmi ne, yana cikin waɗanda suka tsaya sai da aka yi bikin, domin a wurinsu maganar ta harshen uwa ce. Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙungiyar Chhayanaut a wannan shekarar, tare da marubuciya Sufia Kamal da Sanjida Khatun, wadda ta kasance matarsa.

A ganina, hikimarsu tana cikin abin da suka zaɓa su yi da ƙungiyar, wato makarantar koyar da yara waƙa. Zanga-zanga takan watse kafin magariba, amma yaron da ya haddace baitoci da su zai tsufa. Mu da 'ya'yanmu suke tasowa a Makka da Jidda, Larabci yana rinjayar Hausarsu, mun san nauyin wannan aiki. A 1967 gwamnatin Ayub Khan, shugaban Fakistan na lokacin, ta hana sa waƙoƙin Tagore a rediyo, kuma a shekarar ce Chhayanaut ta fara taron asubahin sabuwar shekara a lambun Ramna da ke Dhaka, a gindin bishiyar nan dangin ceɗiya da kake gani a wayar. A yaƙin neman 'yanci na 1971 ma ya taimaka wajen tara mawaƙan da suka yi hijira zuwa Kolkata ta Indiya, suna zaga sansanonin 'yan gudun hijira.

Taron bai tsira daga masifa ba, domin ranar 14 ga Afrilu 2001 bam ya tashi a wurin, mutum 10 suka rasu, amma da shekara ta zagayo jama'a suka sake cika lambun. Gwamnati ba ta ba Wahidul Hak manyan lambobinta ba sai bayan rasuwarsa: Ekushey Padak a 2008, sannan lambar 'yancin kai a 2010.