Amsa kan ciwon amiloidosis ɗin Baba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya me ke kashe masu amiloidosis, gaskiya yawanci zuciya ce. Wani furotin ne ke taruwa a naman zuciyar har ta yi tauri ta kasa cika da jini, sai kaga ƙafa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga, haki ko daga ɗaki zuwa tsakar gida, wani kuma bugun ne ke rikicewa ta tsaya farat ɗaya. Ƙoda ma tana lalacewa. Ku kai shi asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya a yi eko (hoton zuciya) da ECG (gwajin bugun zuciya), don Allah banda sayen maganin zuciya a kemis, irinsu digoxin kan cutar da masu wannan ciwon.