Muryar Anti Nas kan ciwon ƙirjin Inna da na Kawu

(Na rubuto muryar da Anti ta turo guruf jiya da dare, saboda masu kukan ba data)

Assalamu alaikum mutanen gida, ya sanyin Jos. Yaya na ji tambayarka tun safe, ina bakin aiki ne shi ya sa. Kana cewa wai ta yaya likita zai ce ciwon Inna ɗaya ne da na Kawu, ita da ko warin taba ba ta so, shi kuwa ya fi shekara 30 yana zuƙa. To ba kuskure likitan ya yi ba. Sunan ciwon ɗaya ne, COPD, wato hanyoyin numfashi sun tsuke kuma ba sa komawa daidai. Inna tabarta itace ce, ku tuna shekara nawa ta yi tana tuyar masa a ɗan madafin nan na Gangare da ko taga babu, ga kaskon gawayi a ɗaki duk lokacin hunturu an rufe ƙofa ruf.

Amma abin da nake so ku gane, cututtukan da ke rako shi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ake yin sake. Mai hayaƙin itace irin Inna yawanci bututun iskar ne ke kumbura, sai tari da majina kullum, kuma iskar oksijin ɗin jininta tana yin ƙasa sosai ko da ba ta yi kama da mai jin jiki ba. In ta daɗe a ƙasa sai jijiyoyin jinin huhu su matse, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa yana turawa har ya gaji, daga nan sai ku ga ƙafa ta kumbura, wani lokaci har ciki. Mu kuma ga mu a kan tsauni, Jos ta kai kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu dama ba ta kai ta Abuja kauri ba. Don haka kumburin ƙafar da kuka ce wai zama ne ya jawo, ni ban yarda ba wallahi, a faɗa wa likita.

Sai ido, hayaƙin girki yana da hannu a yanar ido, in ta fara cewa tana ganin hazo-hazo a kai ta a duba. Sai ƙashi, mace mai shekaru dama ƙashinta ya rage ƙwari, kuma don Allah ku daina sayo mata ƙwayar prednisolone a kemis duk sanda numfashi ya tashi, eh tana kawo sauƙi nan take, amma yawan shanta yana cinye ƙashi, ya ta da suga, ya ƙara yanar idon ma. Sannan a yi mata gwajin kaki na tarin tibi, kyauta ne a asibitin gwamnati, saboda tarin nan biyu suna ɓoye juna.

Shi Kawu nasa daban, taba ta fi lalata ƙananan jakunkunan iskar huhun ne, shi ya sa kuka ga ya rame yana haki. Shi abin tsoronsa toshewar jijiyoyin zuciya, shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Ranar da ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko aka ga jini a kakinsa, ba a jira gari ya waye. Ba wai na ce Inna ta tsira daga waɗannan ba fa, a'a, a wajensa dai suka fi yawa. Hawan jini kuwa duk su biyun a dinga aunawa.

Abin shaƙar nan da aka ba ta, na lura ba ta iya amfani da shi ba, fesawa take a baki ta haɗiye, zan zo Asabar in sha Allah in nuna mata. Maganar gas ɗin da aka ce za a yi karo-karo a saya mata ina aka kwana? Kaskon nan dai a fitar da shi daga ɗaki yau, a ƙara mata bargo. Ran Litinin wanda zai kai ta asibiti ya tattara duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiyar da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo, na sani ai.