Ga 'yar uwar da ke tambayar yadda za ta gyara ɗakin haya

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce kun kama ciki da falo, mai gidan ya kafa muku sharaɗi ba buga ƙusa ba canza fenti, kuɗin hannunki kuma ba su taka kara sun karya ba, ga shi kina so ɗaki ya yi kyan shiga. Ni ma na tsaya a inda kike tsaye. Bambancin kawai ni ba a kafa mini sharaɗin ba, shi ya sa na afka. Ke ki gode wa Allah da naki ya faɗa tun farko.

Gidan da muka fara kamawa a nan Kano bayan mun bar gidan surukai, zumuɗi ya ɗebe ni. Na kwashi adashena gaba ɗaya na sa aka manna walfefa a falo da gam, na sa tayil a banɗaki, har famfon kicin na canza. Abban yara ya ce in bi a hankali, na ce ai mun zo zama. Ranar da mai gidan ya zo karɓar kuɗin shekara ta biyu, ya shigo falon ya tsaya yana kallon bango yana ta masha Allah, har ya leƙa banɗaki. Ni kuwa ina jin daɗi an yaba. Wata biyu ba su cika ba sai ga notis, wai ɗansa zai yi aure yana bukatar wurin. Lokacin ina da cikin wata bakwai, ƙafafuna a kumbure.

Ranar tashi ce ba zan manta ba. Na ce tunda tayil ba ya ciruwa, bari ko takardar bangon in ɓare in tafi da abina. Ina ja tana tahowa da fenti, wani wurin har da filasta. Bawan Allahn nan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa mai a-kori-kura ko kujera ɗaya ba za ta fita ba sai an biya shi kuɗin fenti da na mai aiki. Kayana a zube a layi, katifata a jingine da katangar maƙwabta, yara sun kewaye mu, mata suna leƙe ta soro. Na ce masa Alhaji tayil ɗin banɗakin fa da famfon? Ya ce, "Ni na sa ki?" Kalmar nan har yau tana min ciwo. Na zauna a kan buhun kwanuka na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Sai da mai unguwa ya sa baki aka rage kuɗin, Abban yara ya je ya ranto, ba mu bar layin ba sai bayan isha'i. Daga baya wata maƙwabciya take gaya min amarya tana ta nuna wa ƙawayenta banɗakin. Gumina ne. Na bar shi da Allah, ban ce na yafe ba.

To tun daga ranar, duk abin da ba zan iya naɗewa ko ɗauka in ɗora a mota ba, sisina ba ya shiga cikinsa.

Ki fara da labule, shi ne rabin ɗaki. Kada ki sayi ɗinkakke, ki shiga kasuwar Kwari ki yanko yadi ki kai wa tela. Ki sa ya yi tsawo har ya kusa taɓa ƙasa, ya kuma fi tagar faɗi, sai ɗakin ya yi kamar ya ƙara girma. Ni bango guda da ya yi dabbare-dabbare na rufe da labule, baƙi suna zaton taga ce a baya. Wurin ratayewa, ki duba da kyau, da wuya ki rasa ƙusa ko ramin da mutanen baya suka bari, in babu ki ɗaura waya a jikin ƙarfen tagar. Kuma don Allah ban da fari sol, hunturu ɗaya zai mayar miki da shi ruwan ƙasa.

Af, tun ban manta ba, kafin ki shigar da ko tsintsiya ki ɗauki bidiyon ɗakin lungu-lungu, duk tsaga, duk tabo, ki tura wa mai gidan ko dillalin ta WhatsApp. Da na yi haka da ba a ɗora min tsagar da na tarar ba, don har ita ya lissafa.

Ƙasa kuwa leda, amma shimfiɗa kawai, kada mai shimfiɗar ya ce zai sa gam ki yarda. Inda simintin ya farfashe ki jera kwali a ƙarƙashi, in ba haka ba ƙafar kujera za ta huda ta. Sai 'yar darduma ɗaya a tsakiya. In kujerunki sun tsufa ba sai kin canza ba, turmin atamfa ɗaya yadi 6 ne, ya ishe ki rigunan filo ya yi saura.

Maganar ƙugiyoyin nan masu mannewa da ake ta tallarsu, ki gwada bangon tukuna. Ki jiƙa tsumma ki goga a wani lungu. In fari ya biyo tsumman, fentin ruwa ne, duk abin da kika manna zai ɓaro shi. In fentin mai ne mai santsi suna kamawa, amma abu mara nauyi. Zafin Maris da Afrilu yana sakin gam ɗin, agogona haka ya faɗo da tsakar dare ya tarwatse. Faya-fayi masu launi na Kasuwar Kurmi su ne daidai, uku ko biyar a jere, ba nauyi kuma ba tsada. Madubi babba jingine shi ake yi, sai dai in kina da mai rarrafe ki tokare shi a bayan teburi.

Kicin ki sa kafinta ya yi miki kanta mai tsayawa da ƙafarta, robobin zuba kaya kuma ki je kasuwar Ƙofar Wambai. Da damina ki ja kujera da gado kamar taƙi ɗaya daga bango saboda danshi, a wancan gidan bayan wadirof ɗina ya ruɓe ban sani ba. Kaskon turaren wuta ma ki nisanta shi da bango, hayaƙin yana barin baƙi a fenti, kuma za a ce ki biya.

Sannan 'yar uwa, kada maganar dangin miji ko ƙawaye ta sa ki cin bashi. Waɗanda suka fi kowa yaba falona ko ɗaya ban gani ba ranar da kayana suke zube a layi. Ki riƙa saye ɗaya bayan ɗaya, wannan watan labule, wata mai zuwa leda.

Ki goga tsumman nan yau ki faɗa min abin da kika gani, da launin fentin, sai in gaya miki kalar labulen da za ta hau da shi. Allah ya ba mu namu na kanmu.