Amsa ga mai tambaya kan ƙullutun tafin ƙafa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 12 yana da wani ƙullutu mai tauri a tafin ƙafa kusan wata huɗu, idan ya taka sai ya ji kamar tsakuwa ce a takalmi, an yanke da reza sau biyu yana dawowa. Don Allah a ajiye rezar nan tukuna.

Fara tantance ko kanta ce ko tusar jaki, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ki goge saman a hankali, ki duba da haske. Idan kanta ce, zanen fatar tafin ƙafa zai bi ta kanta ya wuce, kuma ta fi zafi idan aka danna daga sama. Tusar jaki kuwa zanen fatar kewaye ta yake yi, tsakiyarta da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa barkono, kuma ta fi zafi idan aka matse ta daga gefe da gefe. Waɗannan ɗigon ƙananan hanyoyin jini ne da suka toshe. Mutane na cewa saiwa ce, shi ya sa ake ta haƙa ana neman tumɓuke ta, alhali ba ta da wata saiwa. Nauyin jiki ne ya tura ta ciki.

Idan tusar jaki ce, ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta. Tana shiga ta faso ko ɗan rauni, musamman a fatar da ta jiƙe, don haka ake ɗaukarta a banɗakin haɗaka na makarantun kwana, wurin alwala, da silifas ɗin da kowa ke zura wa ƙafa. Reza tana yaɗa ƙwayar zuwa fatar da ke kusa, sai ɗaya ta koma biyar, ga haɗarin miki.

A yara, kusan kashi biyu cikin uku na bajewa da kansu cikin shekara 2. Amma tunda tana hana shi takawa, a yi magani. Ki nemi salicylic acid a kemis, na ruwa mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, ko na filasta mai kashi 40. Kullum da daddare ya jiƙa ƙafar minti 5 zuwa 10, a tsane ta sosai. A shafa basilin a lafiyayyar fatar da ke kewaye, domin maganin yana cin fata. Sannan a ɗiga shi a kan ƙullutun kaɗai, a bari ya bushe, a rufe da filasta. Sau ɗaya ko biyu a mako a goge farar matacciyar fatar da dutsen goge kaushi, ba tare da an kai ga jini ba. Dutsen nan nasa ne shi kaɗai, kuma kada a goga shi a sauran ƙafar.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne haƙuri. Aikin yana iya ɗaukar mako 12. Bayan mako biyu zafi ya ragu, wurin ya yi fari, sai a ce ta warke a daina, wata guda ta dawo a ce maganin banza ne. Ba ta warke ba sai ɗigon baƙin sun ɓace kuma zanen fata ya sake bi ta wurin. Kuskure na biyu shi ne barin guga: idan matacciyar fata ta taru, maganin a kanta yake ƙarewa bai kai ƙasa ba. Idan wurin ya yi ja yana raɗaɗi, a huta kwana 2 ko 3 sannan a ci gaba.

Idan mako 12 ya cika ba canji, ku je wurin likitan fata. Akan ƙona ta da sanyin ruwan nitrogen duk bayan mako 2 zuwa 3, sau da yawa sai an maimaita. Yana da zafi, yana iya yin bororo. Yankewa a asibiti ba a gaggawar yinta, saboda tabo a tafin ƙafa kan dame mutum fiye da ƙullutun. Ruwan batir, soda ko ƙuna da ƙarfe mai zafi kuwa kada a kusance su ko kusa.

Ga sauran 'yan uwa masu karantawa: mai ciwon suga, ko wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai, kada ya sa wannan magani da kansa, ƙaramin rauni na iya zama gyambo. Haka duk tabon da ya yi baƙi ƙirin, yana faɗaɗa, yana zubar da jini ba dalili, musamman ga babba, a kai wa likita da wuri, domin akwai sankarar fata da ke fitowa a tafin ƙafar baƙar fata.

Kafin ɗanki ya warke, ya riƙa sa silifas ɗinsa a banɗaki, tawul da safa kada ya haɗa da ƙannensa, kuma ki hana shi ɓantarar wurin da farce. Allah Ya ba shi lafiya.